Silin Aishat

Wani ne a Minna ya gina bene a Bosso, tsoron ɓarayi ya hana shi sakat. Ya sa magina suka matse matakala, suka murɗe ta, mutum sai ya karkace yake hawa. Tagogin sama kuwa mai walda ya liƙe su kaf da ƙarfe. Kowa ya zo sai ya yi masa fankama: “Ɓarawo ko ya hau, ko rediyo ba zai sauko da ita ba.”

Matarsa Aishat tana Bida wankan jego. Ya bugi ƙirji a waya ya ce ranar da ta yi arba'in, ɗakin sama za ta sauka, da farin silin irin na otal. Ita kuma ta baza wa danginta.

Ana jibi za su zo, mota ta sauke allunan silin, manya, farare, irin na garin allin nan da shi da ruwa ba sa ga maciji. Kafinta Yona, mutumin Garatu, ya dubi allo, ya dubi matakala.

“Oga, wannan hanya bai yarda ba.”

“Gidana ne ko naka? Ɗauka!”

Suka ɗauka. A kwanar farko allo ya ce ɓaras, ya koma biyu.

“To mu yanke ƙarfen taga ɗaya, mu ja da igiya,” in ji Yona.

“In buɗe wa ɓarayi ƙofa da hannuna? Allah ya kiyaye!”

Gogan ya kwana yana tunani, da safe ya fito da dabara. A yaye kwanon rufi, a zuro allunan ta sama. Yona ya ɗaga kai.

“Oga, Agusta ne fa.”

“Kai kafinta ne ko mai duba?”

Aka yini ana ja da igiya, har alluna ashirin suka shige ɗaki lafiya lau. Mutumin ya ce a bar rufin haka, gobe a mayar, yau an gaji. Murna kamar ya taka rawa.

Washegari da hantsi, Yona yana bisa tsani da kwanon farko, hadari ya taso daga wajen Gwada. Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Silin ya sha ya ƙoshi, ya narke, ya kamo hanyar matakala, bai maƙale a kwana ko ɗaya ba.

Daidai nan motar Bida ta tsaya. Gwaggon Aishat ce a gaba, riƙe da jariri. Tana sa ƙafa a falo, farin kunu ya shafe mata takalmi.

“Wannan fa?”

Gogan ya durƙusa. “Sannunku da hanya, Gwaggo. Silin Aishat ne.”

Gwaggo ta tattare zani, ta bi matakala da kallo.

“Madalla da silin mai tarbiyya. Shi ya fara saukowa gaishe mu.”