Babbar Riga a Kan Keke

Farkon zuwana Guangzhou, Chen mai sayar mana da yadi ya gayyace ni zagayen keke shi da abokansa, daga bakin teku zuwa daji mu dawo. Ya miƙo mini wani matsattsen wando. Na ce, "Ni Alhaji guda? Allah ya kiyaye!" Babbar rigata na zumbula.

Iskar teku ta cika rigar tana tura ni, na wuce su kaf ina ɗaga musu hannu. A dawowa kuwa iskar ta tare ni, ina taka feda keke na tsaye cak. Motar dakon agwagi ce ta maido ni.

Rabin farko dai ni na ci. Amma har yau bayan Juma'a 'yan uwana Kanawa da ke garin sai su ce, "Alhaji, yau ina iska ta nufa?"