Birin da Ya Gudu da Yajin Inna

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na hau babur daga Jidda zuwa Baha ba, kuma ko na so in manta, dangi ba za su bar ni ba.

Lokacin wata biyu ke nan da rasuwar Inna. Ta yi shekaru tana daka yajin tsire a unguwar Karantina ta Jidda, har bayan an rushe unguwar mun watse ba ta ajiye taɓarya ba. Yayata Hajara, wadda aure ya kai Baha, tana da tsohon ciki, ba ta samu zuwa jana'iza ba. Da aka zo rabon kaya ta kira ni ta ce, "Ni ba na son atamfa ko zobe. Kwalbar yajin da ta daka ta ƙarshe, ita za ka kawo mini."

Da na ba direban mota da an wuce wurin. To amma na yi sabon babur, kuma abokaina masu yawon babura sun shirya hawa duwatsu, sai na ce tafiya ta zo daidai. (Gaskiya dai so nake a gan ni.) Na naɗe kwalbar cikin leda, na sa a akwatin bayan babur, ban gaya wa kowa abin da ke ciki ba.

Mu shida muka tashi bayan asuba. Jagoranmu Malam Usman ne, bakanike, Bahaushen Sudan. Da muka wuce Ɗa'ifa muka saki babbar hanya, muka bi ƙananan hanyoyin ƙauyuka masu lanƙwasa. Wurin yana da kyau, ga gonaki a jikin dutse, ga gajimare yana yawo a ƙasa da mu, amma ni zuciyata nauyi take yi. Duk kwanar da muka sha sai in tuna Inna, wadda ta shekara hamsin a ƙasar nan ba ta taɓa ganin wurin ba.

Wajen azahar muka tsaya a bakin wani kwazazzabo don mu gasa nama. Birai suka cika bakin hanya. Malam Usman ya ce, "Kowa ya rufe shantar kayansa, kada a ba su komai. In ka ba ɗaya, halas, shi ke nan, kai da kayanka nasu ne."

Ni kuwa uban iyayi, na buɗe akwati na ɗauko ayaba, na ce wa Haruna, mijin 'yar kawuna, "Yalla, ɗauke ni bidiyo." Ina miƙa wa wani ƙaramin biri ayaba ina murmushi, sai wani gwaggon biri ya dira a kan babur, ya suri ledar. Na bi shi a guje ina ihu, takalmi ɗaya ya cire, na zame na faɗi a kan tsakuwa. Shi kuwa ya hau dutse, ya yage ledar, ya shinshina kwalbar, ya sake ta. Ina ji ta fashe can ƙasa. Abokaina dariya har da riƙe ciki, ni kuma hawaye nake haɗiyewa.

A nan ya kamata wautata ta tsaya. Sai na ja Malam Usman gefe na gaya masa komai, na roƙi sauran yajin da ya sayo a unguwar Hindawiyya don gashin namanmu. Ya ba ni, amma ya ce, "Ya shekh, ka faɗa mata gaskiya." Na ce to, na juye yajin a wata kwalbar zuma da na wanke.

Da la'asar sakaliya na isa gidan Yaya. Gaban mijinta na miƙa mata, har da ƙarin bayani: wai tsohuwar kwalbar ta tsage shi ya sa na sake, wai tun daga Jidda nake kaffa-kaffa da ita. Ta bar ni na kai aya. Sannan ta juyo mini da wayarta. Ga ni nan da takalmi ɗaya, ga biri riƙe da kwalbar Inna mai jan murfi. Ashe Haruna, da bai san abin da ke ciki ba, tuni ya tura wa dangi don a yi dariya.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mijinta ya tashi ya ce zai duba shayi.

Yaya ba ta yi faɗa ba, wannan ne ya fi yi mini ciwo. Ta ce, "Da ka zo hannu rabbana ka ce biri ya ɗauke, da mun yi kukanmu tare. Amma ka ba ni yajin kasuwa in riƙa lasa ina cewa hannun Inna ne?"

Washegari ni kaɗai na biyo babbar hanya zuwa Jidda, da kwalbar zumar a akwati, don ta ce in tafi da abina.

Abin da na koya shi ne, amana ba ta tafiya akwati ɗaya da ayaba. Kuma in har za ka yi wa 'yar'uwarka ƙarya, fara tuna ko kai da bakinka ka ce a ɗauke ka bidiyo.