Yadda Na Bar Oga a Gindin Mangwaro

Ba zan taɓa mantawa ba. Ko na so in manta, mutanen Birnin Gwari ba za su bari ba.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Dako nake yi a kasuwar hatsi ta Birnin Gwari: in ɗauki buhu, in sauke, in koma gida. Asalina Kutemeshi. A can mutanen daji suka ɗauke ni daga gona shekarun baya. Na yi wata biyu a hannunsu, na dawo da ƙafata, da tabo a kunci. Da aka tambaye ni yadda na fito, na yi shiru. Sai mutane suka cike shirun da kansu. Wani ya ce na shaƙe mai gadinsu. Wani ya ce uku na kayar. Kafin shekara ta zagayo an sa mini suna Dutse. Matata ma in mun yi baƙi takan ce, “Ai mu nan gidan ba a jin tsoro.” Ban taɓa cewa haka aka yi ba. (Ban kuma taɓa cewa ba haka aka yi ba. Nan laifina yake.)

Ƙarshen wata damina, dawa ta fitar da kai, hanya ta ɗan yi lafiya, sai ga ’yan fim daga Kaduna cikin bas biyu. Shiri mai dogon zango suke yi na talabijin, a kan wani shugaban miyagu da ake kira Oga, mai otal da motoci a birni, wanda zai zo daji ya gana da abokan gabarsa. Dajin nasu kuwa gonar mangwaro ce a bakin gari, inda ake jin kiran salla. Ba wanda ya yarda ya ƙara taku ɗaya gaba. Ban ga laifinsu ba.

Daraktan, Malam Nasiru, ya gan ni da buhun masara a ka. Ya tsaya yana kallon tabona kamar mai taya akuya.

“Bawan Allah, wannan fuskar nake nema tun daga Kaduna.”

“Ba ta sayarwa ba ce.”

“Ka ji! Har maganar ta dace. Kai ne mai tsaron Oga.”

Haka na shiga fim.

Abin da na gani a bayan kyamara, har yau in na tuna sai in girgiza kai. Bindigogin nan masu ban tsoro, kafinta ne ya sassaƙa su, aka shafa baƙin fenti, aka bi da baƙin mai don su yi ƙyalli. Ba sa ƙara. Mutum ya girgiza kafaɗa kawai, ƙarar sai an koma birni a saka ta da kwamfuta. Jini kuwa zoɓo ne da zuma. Wani da aka kashe ya kwanta a ƙasa yana jiran a gama, tururuwa suka ji zuma, sai ga gawa ta miƙe tana susa tana salati. Giyar da Oga ke kurɓa shayi ne da ya huce. Tumbinsa matashi ne aka ɗaura masa. Shi kansa Ogan, wanda in ya zare ido a fim mata ke kama ƙirji, mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa. Kullum sai ya matso kusa da ni ya ce, “Malam Dutse, don Allah nan wurin babu maciji?”

Akwai mai ɗaukar sauti, Ɗanlami. Shi ya manna mini wani abu kamar ƙwayar gyaɗa a ƙirji da filasta, ya ja waya zuwa wani ɗan akwati da ya maƙala a bakin gajeren wandona, ƙarƙashin kaya.

“Duk abin da ka faɗa ina ji a kunnena, Dutse. Ko cikinka ya yi ƙugi.”

Na ɗaga kai. Mutumin da ba ya magana, ina ruwansa? (Ku riƙe wannan.)

Magana ɗaya tal aka ba ni a fim ɗin gaba ɗaya. Da yake ban yi boko ba, darakta ya faɗa mini da baki: “Oga, muddin ina numfashi ba mai taɓa ka.” Kwana uku ina maimaita ta a ƙarƙashin buhu.

Sai batun babura. A labarin, ina gama maganata abokan gaba za su fito daga daji su kewaye mu, ni kuma in tsaya ƙyam a gaban Oga. Ranar gwaji na ga suna tahowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har da hon, kamar masu rakiyar amarya. Na yi dariya. Rabona da dariya an jima.

“Ba haka suke zuwa ba,” na ce.

Darakta ya juyo. “To yaya suke zuwa?”

Na koya musu. Uku-uku a kan babur. Rawani ya rufe fuska, ido kawai. Ba hon, ba magana. Su fito ta inda rana take don kada a ga adadinsu, in sun matso su baje kamar mafici. Aka ɗauko ’yan acaɓa takwas na gari, waɗanda na sani da iyayensu, har da Iliya maƙwabcina. Ni na nuna wa kowa inda zai bi. Ni na ce wa darakta, in ba a sanar ba, garin nan zai watse kafin ya ce a tsaya. Aka gaya wa mai unguwa, aka gaya wa ’yan sa-kai, aka sa mai shela ya zaga. Ni na raka mai shelar. Wato duk faɗin Birnin Gwari ba wanda ya fi ni sanin cewa wasa ne.

Ranar ɗauka ta zo. Koko ma na kasa sha. Na ce maganar da zan faɗa ce take damuna. Duk babur ɗin da ya wuce a titi sai na bi shi da kunne har ya ɓace.

Bayan la’asar jama’a suka cika gonar, aka ja igiya aka tsare su gefe guda. Matata tana cikin mata. Surukina, Baba Audu, mahaifinta, ya taso takanas daga Kusasu don ya ga mijin ’yarsa a fim. Aka ba shi kujera a gaba. Mutumin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba.

Aka kawo mini kaftani fari fat da wando fari.

“Fari? A daji?”

“Kyamara na son sa,” in ji darakta.

Na sa. Aka ba ni bindigar katako. Oga ya zauna a gindin mangwaro da kofin shayinsa, na tsaya a kansa. Darakta ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit. Ya sauke.

Na ce, “Oga, muddin ina numfashi ba mai taɓa ka.”

Wallahi ta fita da kyau. Na hango darakta ya ɗaga mini babban yatsa.

Sai na ji su.

Wanda bai taɓa ji ba, ba zai gane ba. Ƙarar babura da yawa daga daji ba ta kunne take shiga ba, ta tafin ƙafa take shiga. Can ƙasa-ƙasa, kamar taron ƙudan zuma. Irin ta ranar gona ce, ba bambanci ko kaɗan. Na koya musu da kyau, kaico. Kaina yana cewa, Iliya ne, kai ka ɗaura masa rawanin. Ƙafata ba ta nemi shawarar kaina ba.

A wajenmu kowa ya san doka. In ka ji babura, ka cire kaya mai haske, kada ka bi hanya, ka faɗa cikin dawa ka kwanta. Na yi jifa da bindiga, ta sauka a tumbin Oga, shayi ya kife. Na zare kaftani ta ka. Wandon ma fari ne, don haka shi ma ya tafi. Gonar dawa kuwa tana bayan ’yan kallo. Na tsallake igiya, na ratsa ta gaban kujerar surukina, kaftanin ya faɗa a cinyarsa. Daga ni sai jan gajeren wando mai huda biyu a baya. (Matata ta sha cewa in yar da shi.)

Na kutsa cikin kara na kwanta rubda-ciki. Sai bakin da ya yi shekaru a kulle ya buɗe.

“Ya Allah, kada ka mayar da ni hannunsu. Ya Allah, kai ka san ban shaƙe kowa ba. Mai gadin barci ya yi na sulale, da rarrafe na fita, ina kuka. Ƙarya mutane suka yi mini, ni kuma na ji daɗi na yi shiru. Na tuba. Wayyo Inna. In ka fitar da ni yau zan faɗi gaskiya. Su ɗauki Ogan, shi ke da tumbi.”

Na yi ta yi. Ban san iya tsawonsa ba.

Sai na lura ba harbi, ba ihu. Baburan ma sun mutu. Irin wannan shirun ya fi ƙara ban tsoro. Na ƙara mannewa da ƙasa. Can na ji taku, kara yana motsi, a hankali, taku na mai ciwon gwiwa.

“Malam. Fito.”

Baba Audu ne. Ya miƙo kaftanin da wandon, fuskarsa a juye yana kallon sama kamar mai duban hadari. A nan hankalina ya dawo. Hannuna ya kai ƙirji, na taɓa filasta. Na taɓa ƙwayar gyaɗar nan.

Ashe da na ɓace, darakta ya tsorata ko na ji ciwo. Ya ce wa Ɗanlami ya saurara ya ji inda nake. Ɗanlami, don a taimaka a gane wurin, ya mayar da muryata kan lasifika.

Na sa kaya.

“Baba, me aka ji?”

“Duka.”

“Har da…”

“Har da rarrafen.”

Muka kama hanya, yana gaba ina baya. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Mun kusa fita daga dawar ya tsaya, bai juyo ba.

“Ni ma na miƙe,” ya ce. “Gwiwa ce ta zaunar da ni. Rabin mutanen can takalmansu a hannu suke.”

Da muka fito ba wanda ya yi dariya tukuna. Kowa yana kallon ƙasa. Sai Oga ya taso, riga duk shayi, matashi ya zame gefe guda.

“Haba Malam Dutse. Ka ce muddin kana numfashi.”

Na ce, “Ai lokacin ba na yi.”

Nan gonar ta fashe. Iliya ya faɗo daga kan babur. Wata tsohuwa tana dariya tana share hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba.

Muka isa gida da matata. Ta ajiye mini tuwo, ta zauna.

“Shekara nawa ina cika wa baƙi baki.”

Na kai hannu kan tuwon.

“Da ka gaya mini, da mun ji tsoron tare.” Ta tura mini miya. “Amma wandon nan yau zai ga wuta.”

Darakta ya zo washegari yana ba da haƙuri, sannan ya roƙi in bar shi ya yi amfani da gudun. Ya ce duk ’yan wasansa ba mai iya gudu irin wannan. Na ce ya cire muryar. Ya cire. Ya sauya labarin, mai tsaron Oga ya zama maci amana. Yanzu duk mako in shirin zai fara, sai an nuna wani ƙato yana tsallake igiya da jan wando.

Sunan Dutse ya mutu a gonar nan. A kasuwa yanzu Muddin ake kirana. “Muddin, zo ga buhu!” Ina amsawa. Ya fi wancan sauƙin ɗauka.

Abin da na koya: sunan da shiru ya gina maka, ranar da bakinka ya buɗe zai rushe a kanka. Sannan in za ka gaya wa Allah sirrinka, ka fara shafa ƙirjinka tukuna. Shi mai rufin asiri ne. Ɗanlami kuwa lasifika gare shi.