Yadda Za Ka Auna Duniyar Cikin Wayarka da Tasbaha da Gyaɗa

Idan babban yatsanka ya yi kanta saboda gem, matso kusa. Ni Abdul-Wahab na Moshi Zongo a Tamale, shekara biyu ke nan ina yawo a wata duniya ta cikin waya, irin wadda aka yanka ƙasarta gida-gida kamar tayil ɗin masallaci, ɗan mutuminka yana taka su ɗaya bayan ɗaya. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba gardama, kafin Juma'a za ka san girman duniyar nan a ƙasa ta gaske. Ni na gwada, har yanzu ina jin abin a ƙafafuna.

1. Nemi abokin musu

Awo ba ya daɗi in babu wanda za ka kunyata. Nawa Zakir ne, mai aikin shimfiɗa tayil, wanda muke shan shayin attaya tare a gindin dogon yaro. Na ce masa duniyar gem ɗina ta fi Tamale girma, har da Sagnarigu a kai. Ya leƙa wayar, ya taɓe baki, ya ce shi tayil sana'arsa ce, kuma ya taɓa shimfiɗa wadda ta fi wannan a falon wani Alhaji. Daga nan magana ta zama ta mutunci.

2. Kawar da masu katse maka aiki

Waya za ta yi ƙara. A wajena Mma Ashetu ce, mahaifiyata, tana unguwar Nyohini. Wata huɗu rabona da ita. Ƙafarta na ciwo, ba ta iya hawa yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ta zo da kanta, ni kuwa amsata ɗaya ce kullum: moto, wato babur ɗina, ya lalace, Nyohini da nisa, ga rana. Ranar ta kira muna tsakiyar musu, ta ce wannan ne kira na ƙarshe, ta gaji da roƙon ɗan da ta haifa da cikinta. Maganar ta taɓa ni, ba zan ɓoye maka ba. Amma mai bincike ba ya barin aiki a tsakiya. Ka ce “To, Mma, in sha Allah,” ka kashe, ka koma kan ilimi.

3. Yanke girman tayil ɗaya

A nan masu rauni ke faɗuwa. A cikin gem mutum tayil ɗaya ne. Saniya ma ɗaya. Kaza ɗaya, dutse ɗaya. Gida tayil huɗu ne daga waje, ka shiga ka tarar da filin da za a yi suna a ciki har da masu kiɗa. In ka auna da kaza, duniyar ba ta fi tsakar gidanku ba. In ka auna da dutse, ta wuce Ghana. Kar ka zurfafa tunani, yawan tunani na kawo gaskiya, gaskiya kuwa ba ta taɓa taimakon mai musu ba. Ɗauki mutum: tayil ɗaya, taku ɗaya.

4. Ƙirga su daga gabas zuwa yamma

Ni na samu dubu uku da ɗari uku, bayan kwana biyu da ciwon ido. Ɗan mutumina kuwa sau shida yake tsallake su a rana, ba ya neman ruwa, ba ya ƙorafi.

5. Ari tasbaha, sayi gyaɗa

Yanzu sai a taka a ƙasa. Kar ka yi kuskuren da na fara yi, na ƙirgawa da baki. A garin nan ba a wuce babba a tsaye. Ina kan taku ɗari biyu da sha wani abu na ci karo da Alhaji Sayibu, dattijon layinmu. Na durƙusa. Ya tambayi kwana, na ce naa, yadda ake amsa gaisuwa a nan. Ya tambayi gida, naa. Aiki, naa. Gajiya, naa. Kafin in miƙe, lissafi ya gudu, sai da na koma gindin dogon yaro na sake.

Maganin shi ne tasbaha mai ɗari. Taku ɗaya, ƙwaya ɗaya, baki na gaisuwa yatsa na riƙe da wurinsa. Zuba gyaɗa talatin da uku a aljihu, duk zagaye ka ci ɗaya. Ɗaya fa na ce.

Akwai riba a gefe. Mutane za su ga kanka a ƙasa, tasbaha na juyawa, baki na motsi. Ba su san gyaɗa kake taunawa ba. Mai koko ta roƙe ni in sa ta a addu'a. Alhaji Sayibu ya riƙa nuna ni yana cewa ɗan Ashetu ya shiryu. Kar ka gyara musu, ba kyau a ƙaryata manya.

6. Kar ka ɗaga kai sai gyaɗa ta ƙare

Ka nufi yamma, ka bar ƙafa ta zaɓi hanya. Abokin musunka ya biyo ka a hankali, kamar yadda Zakir ya biyo ni a motonsa yana min dariya. Na ci gyaɗar ƙarshe, na ja ƙwayar ƙarshe, na ɗaga kai don in ga inda duniya ta ƙare.

Ƙofa ce mai shuɗin fenti, da tsohon turmi a gefe. Na san turmin nan, a kansa na fasa goshi ina ƙarami. Mma na zaune a benci, ta ɗora ƙafar mai ciwo a kan kujera 'yar tsugunno.

Ta dubi ƙurar ƙafata, ta dubi tasbahar, idonta ya kawo ruwa. A zatonta ɗanta ya tako tun daga Zongo yana istigfari. Shawarata a nan ita ce ka yi shiru. Amma ni tare da Zakir na zo. Ya kashe moto, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya zayyana mata komai, har da kazar.

Ta saurara har ƙarshe. Ta tambaya ko nan ne iyakar duniyar, na ce nan ne. Ta tambaya sau nawa ɗan mutumin ke tsallake ta a rana, na ce shida. Ta tambaya ko yana da moto, na ce babu. Kunya ta hana ni kallonta.

“To, Wahabu,” ta ce, “ka saka ni a cikin wayar nan, a tayil ɗin ƙarshe. Ba na cin wuri.”

7. Rubuta sakamako

Faɗin duniyar gem: daga tukunyar attaya zuwa ƙofar Mma, minti arba'in da gaishe-gaishe. Zakir ya ce shi ya ci musu. Ni kuwa bakina cike yake da tuwo.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko ciwon ƙafa ne, ko a fara kiranka Malam a sa ka jan salla. Ni yanzu duk Juma'a da Talata sai na tsallake duniyar nan da ƙafa, kuma Mma ta ce saura huɗu in kamo ɗan mutumin. In taka duniyar ta ƙare a wata ƙofa da ka daɗe kana cewa ta yi nisa, kar ka neme ni. Ni awo kawai na koya maka, sallamar taka ce.