Ranar da na shimfiɗa tabarma a cikin Kogin Thames

Abubuwa sun fara sulale min daga kai yanzu, har inda na ajiye carbina sai an tuna min, amma ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ranar da na zauna a kan hanyar ruwa a London ina yi wa baƙuwa bayanin abin da ban sani ba.

Bari in fara faɗa muku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. Ban yi boko ba, ko ƙofar aji ban taɓa leƙawa ba, amma Allah ya ba ni ido. Ina gane yaron da bai yi sallah ba tun daga sallamarsa. Ɗana Kabiru likita ne, har furfura ta fara fito masa, amma in na kira sunansa da wata irin murya sai ya kife wayarsa a kan tebur. Shi ya ɗauko ni daga Kano saboda ciwon gwiwa, na zauna wurinsa a unguwar Lewisham. Lokacin da abin nan ya faru watana bakwai da zuwa.

'Yarsa ta fari, Nafisa, ta kawo wanda take so. Yaron ba shi da laifi, na duba shi sama da ƙasa ban samu ba (kuma na nema). Abin da ya tsaya min shi ne gidansu. Hausawa ne, amma na zangon Sekondi, can bakin teku a Gana, ni kuwa ban san irin tarbiyyar can ba. Kabiru ya ce, "Inna, mahaifiyarsa ta zo gari. Ki gan ta tukuna, abin da kika ce shi za a yi." Nafisa, wadda nan aka haife ta, in ka yi mata Hausa ta ba ka amsa da Turanci, a makon nan sai ga Hausa tana zuba a bakinta. Tana matsa min gwiwa tana cewa, "Inna, kin sha magani?" Na san abin da take nema.

Duk bayan mako biyu, ranar Alhamis da safe, ina zuwa unguwar Deptford a yi min gashin gwiwa. In an gama sai su ce in ɗan taka, ni kuma in bi ta bakin kogi. Farkon zuwana ƙasar, cikin sanyi, na ga kogin nan daga mota a cike yake taf. Da zafi ya shigo kuwa, sai na tarar ruwan ya janye can tsakiya, ya bar yashi da tsakuwa da taɓo a fili. Na dawo bayan mako biyu, haka. Na sake dawowa, haka. Ni da na tashi a bakin Challawa, na yi wanki a kan yashinsa, na tona rami na ɗebi ruwa da ƙoƙo, wa zai koya min wannan? Na ce a raina, to, su ma raninsu ya yi. Ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya ba.

Kabiru ya taɓa ba ni labarin unguwar. Ya ce a da nan ake ƙera wa sarakunan ƙasar jiragen ruwa, kuma duk gaɓar nan wurin sauke kaya ne daga ko'ina a duniya, har da ƙasashenmu. Tsofaffin matakalan dutse da ke gangarawa cikin kogin, nan masu kwalekwale ke ɗaukar mutane. Na haddace duka. Abu ɗaya ya ɗaure min kai, yadda katon jirgi zai bi ta ɗan ruwan nan, amma shi ma na warware wa kaina: da damina suke zuwa.

Saboda haka da aka ce in gana da uwar yaron, na ce ba a falo za mu zauna ba. A falo kowa mutumin kirki ne. Zan fita da ita, in ga cinta, in ga zamanta, kuma (tunda gaskiya na zauna faɗa) in nuna mata cewa jikata daga gidan da aka san gari ta fito. Na sa aka yi dambun shinkafa da soyayyar kaza da zoɓo. Na gayyaci ƙawata Hajiya Asabe ta Peckham ta zama shaida. Shekararta ashirin a London, amma in ka cire kasuwar Rye Lane da masallaci ba ta san ko'ina ba.

Sunan baƙuwar Hajiya Memuna. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, ta haura sittin da kaɗan, ba ta da yawan magana. Ta gaishe ni da ladabi, sai dai "kai" take ce min kamar wani namiji, haka Hausarsu take. Na ajiye wannan a gefe ɗaya na zuciyata.

Muka isa bakin matakala wajen goma da rabi. Ta tsaya ta kalli kogin, ta kalli bango.

"Hajiya, ƙasa za mu sauka?"

"Ƙasa mana. Ga yashi mai kyau can gaba."

"Yau nawa ga wata?"

Tambayar ta yi min daɗi, don lissafin wata ba ya kuɓuce min. Na ce, "Sha biyar."

"To kar mu daɗe. Ruwan zai dawo, kuma na tsakiyar wata da ƙarfi yake zuwa."

Na ɗaga kai na dubi sama. Ko gajimare ɗaya babu. Na ce, "Hajiya, a garinku ban sani ba, amma a duniyar da na sani ruwa ba ya dawowa sai an yi hadari." Asabe ta yi dariya. Baƙuwa ta karɓi kular abincin daga hannuna, ta riƙe min gwiwar hannu muka sauka. Matakalar santsi gare ta. Wannan ma na ba shi fassara, na ce ƙasar ce ba ta rabo da laima.

Ban tsaya kusa da matakalar ba, don wurin ya ɗan yi kwari, akwai taɓo. Na ja su gaba har inda ƙasa ta yi tudu, muka shimfiɗa tabarma a gindin bango, muka tuɓe takalma. Wurin shiru, sai kukan fararen tsuntsayen ruwa. Aka zuba dambu, na buɗe baki.

Na ba ta labarin jiragen sarakuna. Na nuna mata manyan zobban ƙarfe da ke jikin bango, na ce nan ake ɗaure jirgi. Sannan na nuna mata wata koriyar gansakuka da ta yi layi a bangon, can sama da kanmu nesa, na ce, "Kin ga wancan? Iyakar ruwan damina ke nan." Ta miƙa hannu ta shafa bangon, ta dubi tafinta. A jiƙe yake.

"Wannan na daren jiya ne, Hajiya," in ji ta. "Teku ne ke turo shi. Sau biyu kullum."

"Ina tekun yake a nan?"

"Yana can gabas. Ba sai ka gan shi ba."

Na ce, "Ci kaza, Hajiya."

(Na lura da cinta, tunda abin da ya kawo ni ke nan. Da dama take ci, ba ta cika baki, ta tsame tsoka mai kyau ta tura gabana. Na lura kuma duk loma biyu sai ta waiwaya ta dubi ruwa. Na sa wannan a layin rashin natsuwa.)

Akwai wani tsohon Bature a wurin da dogayen takalman roba, yana tsintar tarkace a cikin tsakuwa: tsofaffin ƙusoshi, fasassun tangaran, guntayen lofe na yumɓu. Da ya zo wucewa sai ya tsaya a kanmu, ya nuna agogonsa, ya nuna kogi, ya yi magana. Hajiya Memuna tana jin Turanci, ta ce, "Ya ce shi ya tafi, mu ma mu tashi, saura kaɗan." Na sa Asabe ta miƙa masa cinyar kaza. Ya karɓa, ya yi godiya, ya sake nuna agogo, ya wuce. Na ce, "Mutumin da ke tsintar ƙusa a bola shi zai faɗa min lokacin tashi?"

Asabe ce ta fara gani. Ta ce, "Yaya, waccan ledar ba ɗazu ta wuce ta yi can ba? Ga ta tana dawowa."

Na duba. Kogin da na sani yana gangarawa dama, ga shi yana tafiya hagu. Shekara saba'in da ɗaya ina duniya ban taɓa ganin kogi ya juya ba. Ba igiya, ba ƙara, ba komai. Yana dai matsowa a hankali, yana cinye tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ce bari mu gama zoɓon. Wannan maganar ita ce ta fi ci min rai har yau, don a lokacin na riga na gane, girman kai ne kawai ya zaunar da ni.

Kafin mu mayar da takalma mu naɗe tabarma, kwarin nan da ke tsakaninmu da matakala ya cika. Asabe ta tattare zani ta faɗa ciki tana salati, ruwa har gwiwarta, ta haye. Ni na sa ƙafa ɗaya, taɓo ya riƙe ta. Na ja, gwiwar ta ce ba da ita ba. Takalmina na dama ya taso ya bi ruwa, ina kallonsa ya nufi tsakiyar gari. Sanyin ruwan ya hau min har ƙugu ta cikin ƙashi. Na tsaya cak, ba gaba ba baya.

Hajiya Memuna ba ta ce "na faɗa maka" ba. Ta cire mayafinta, ta juya min baya, ta durƙusa.

"Hau."

"In hau me?"

"Hajiya, shekara talatin ina ɗaukar daron kifi daga bakin jirgi zuwa kasuwa. Kai ba ka kai daro ɗaya ba. Hau."

Na hau. Ta ja mayafin ta ɗaure ni a ƙirjinta kamar yadda ake goyon jariri, har da ɗan girgizawar nan da ake yi don goyo ya zauna daidai. Ta ratsa ruwan da ni, ta hau matakalar nan mai santsi ɗaya bayan ɗaya, ƙafafuna na reto, ɗaya da safa ɗaya babu. A sama mutane sun taru a jikin ƙarfe suna kallo. Tsohon nan yana cikinsu, da ƙashin kazata a hannu. Da muka iso suka yi tafi. Na cusa fuskata a wuyanta na rufe ido, kamar yadda 'ya'yan goyo ke yi in sun ga baƙo.

Muka zauna a benci muna ɗiga. Ba a jima ba wurin da muka ci dambu ya ɓace, tabarmar ta tafi, ruwa na hawa bango yana neman koren layin nan da na ce na damina ne. Wani jirgi ya wuce ta kan inda na zauna ina bayani. A nan ta faɗa min, a hankali, ba da gori ba, cewa ruwan yana bin wata ne, kuma duk bayan mako biyu yana komawa kan lokacinsa na farko. Wato ni da nake zuwa duk Alhamis ta biyu da safe, kullum a janye nake tarar da shi.

Da muka koma gida Kabiru ya gan ni da silifas ɗin da aka saya min a hanya da zani jiƙe, ya miƙe tsaye. "Inna, me ya faru?" Kafin in haɗa magana Hajiya Memuna ta ce, "Laifina ne, Dakta. Ni na yi kewar bakin ruwa na ja su." Asabe ta buɗe baki, na dube ta, ta rufe. Nafisa tana tsaye a bakin kicin, na ga fuskarta ta faɗi, don a ganinta uwar saurayinta ta jefa kakarta a kogi, magana ta ƙare.

Kwana biyu na bar ƙaryar nan a tsaye. Ina jin daɗinta, ba zan ɓoye ba. A na uku, bayan na ga yarinyar ta daina cin abinci sosai, na kira ta ita da ubanta na faɗa musu yadda aka yi, tun daga tambayar wata har goyo. Kabiru ya kafa ido a kan kafet, yana danne dariya. Na ce, "In ka gama, ka kira mutanen nan ka ce su turo magabatansu. Matar da ta goye ni, ta kuma ɗauki laifina ta ɗora wa kanta, ba za ta wulaƙanta 'yarka ba." Nafisa ta rungume ni ta yi ta zuba Turanci, Hausar ta gudu.

(Daga baya na ji ashe tun daren Alhamis Asabe ta gama rabawa Peckham labarin. Har yau akwai matan da in na shiga taro sai su tambaye ni ya rani.)

An yi biki lafiya. Ni kuma abin da na tsira da shi, ban da mura, shi ne wannan: kafin in yi wa baƙo bayanin wuri, yanzu nakan fara tambayarsa inda aka haife shi. Kuma in zan auna mace, ina fara duba faɗin bayanta, don ban san ranar da zan hau ba.