Dattijo Mai Farautar Amin

Allah ya yi wa ikilisiyarmu baiwa da Dattijo. Wasu majami'u sai sun yi azumi da addu'a kafin su gane nufin Ubangiji. Mu kuwa tambaya kawai muke yi, Dattijo ya gyara wuyan kwat ɗinsa ya ba mu amsa. Matasa suna kiransa Kakakin Sama. Sunan ya kai kunnensa, bai musa ba.

Ba ya zama cikin jama'a. Kujerarsa tana gefen bagade, an juya ta tana kallon mutane, domin ya riga ya san abin da fasto zai faɗa, saura kawai ya ga yadda muke karɓa. In ana addu'a kowa ya rufe ido, shi nasa a buɗe suke. Sadaukarwa ce. Da haka yake gane wanda Amin ɗinsa ya yi sanyi.

Ranar da muka binne ɗanmu na ga zurfin iliminsa. Likitoci sun kasa gaya mana abin da ya kashe yaron. Dattijo bai taɓa leƙa asibitin ba, amma ya sani.

"Kada in ji kuka!" in ji shi a bakin kabari. "Ubangiji ya hango wani mugun abu ne a gaban yaron nan, ya ɗauke shi da wuri. Wa ya sani ko da ya girma ɗan fashi zai zama?"

Yaron da in ya ga kyankyaso a banɗaki sai ya kira uwarsa.

Matata ba ta daina zuwa sujada ba. Takan zauna a bencin baya, ta tashi in an tashi, ta zauna in an zauna. Amin ne kawai ba ta cewa. Ta gaya mini ta faɗe shi a gefen gadon asibiti har muryarta ta dishe, babu sauran ko ɗaya a bakinta. "Ban san ko fushi nake yi da Shi ba," ta ce. "A bar ni dai in zauna. Ranar da aka matsa mini, na daina zuwa ke nan." Fasto ya gane, ya ƙyale ta.

Dattijo kuwa ba ya wasa da dukiyar Ubangiji. Ya kai rahoto taron dattawa cewa Amin ɗaya ya ɓace a bencin baya, kuma shi da kansa zai nemo shi.

Ya zo mana ran Asabar da rana. Ya cire kwat ya rataya a ƙusar bayan ƙofa, a kan jakar makarantar yaron. Ya karɓi shayi, ya soma.

"'Yata, ni ɗin nan da kike gani, ban taɓa shakka ba tun da aka yi mini baftisma. Shakka ciwon masu yawan karatu ne." Ya harari kantar littattafaina. "Bangaskiya irin tawa, ko me ya faɗo mata ba ta girgiza."

Gaskiya ne. Babu abin da ya taɓa faɗo mata. 'Ya'yansa duk suna raye, har da jikoki.

Ya sa muka durƙusa. Addu'ar tarko ce: ya faɗi magana, ya dakata, ya buɗe ido ɗaya. Ya yi godiya saboda rai, shiru. Ya yi godiya saboda mutuwa, shiru. Ya tuna wa Ubangiji shekarun da ya yi yana yi masa hidima ba albashi. Na riƙa ninka nawa Amin ɗin ko zai wadatar, ya kore shi da hannu. Nawa yana da shi tuntuni.

Na saci kallon matata. Idonta na kan hannun kwat ɗin da ya rufe jakar, yatsunta sun damƙe gefen kujera. Na san in ya ƙara ambaton yaron, gobe bencin baya babu kowa.

Gwiwoyin Dattijo ne suka cece mu. Ya yi nishi, ya sassauta murya.

"To, Ubangiji, bawanka ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Yanzu ka tashe shi daga nan, ka mai da shi gidansa…"

"Amin!"

Matata ce. Har maƙwabta sun ji.

Washegari ya nemi fili ya ba da shaida. Ya ce ya yi kokawa da ruhun shakka a falon wani gida, ya kayar da shi, ya ƙwato Amin da hannunsa. Aka yi tafi. A bencin baya matata ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa. Matan zumunta suka ce hawayen tuba ne. Ni da ke kusa na san dariya ce, ta farko tun rasuwar yaron.

Har yau tana zuwa, har yau ba ta cewa komai. Dattijo ya gani, amma ya riga ya sanar da warkewarta a gaban ikilisiya, kuma Sama ba ta janye sanarwa. Bai sake taka gidanmu ba.

Kada a raina addu'ar mutumin nan. Ubangiji ya amsa ta nan take, kuma har yanzu tana aiki.