Ranar da Ragon Alhaji Modu Ya Ga Kansa a Madubina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da rago ya koya min sana'ata a gaban mutanen Potiskum ba, kuma da makirufo a hannuna.

Sana'ata haɗa rumfunan baje koli. In za a yi baje kolin kayan gona ko na 'yan kasuwa, ni nake zana wa mutum rumfarsa, in haɗa ta da sandunan alminiyom da alluna, in ba shi haya, wanda ya ga dama kuma ya saya gaba ɗaya. A lokacin ban fi shekara biyu da buɗe shago a unguwar Dogo Tebo ba, kuma ina fama da wata cuta: duk abin da na gani a waya sai na gwada shi. (Matata ta ce ranar da aka nuna min rumfa a kan ruwa, ranar zan fara cigiyar kwalekwale.)

Aka shirya baje kolin noma da kiwo, sai ga Alhaji Modu mai sayar da abincin dabbobi yana son rumfa. Filin da aka ba shi ɗan ƙarami ne. Abin da zai baje kuwa buhunan abinci ne da rago guda, wani ƙaton farin balami da aka yi wata shida ana ɗura masa abincin Alhaji. Ragon shi ne shaida. Da Alhaji zai tafi ya rage murya ya ce shugaban ƙungiyarsu ta 'yan kasuwa zai zagaya rumfuna, kuma suna neman mutum ɗaya da zai riƙa yi musu aiki duk shekara.

"In ka burge shi," in ji Alhaji, "ka huta da yawon neman aiki."

Ni da na gaji da ɗaure sanduna a kan keke napep zuwa Nangere saboda rumfa ɗaya tal, na ce a raina wannan aikin nawa ne.

Dabarar da na ɗauko ita ce madubi. Na gani a waya, a wasu ƙasashen ana lulluɓe bangon baya da shi, sai ƙaramar rumfa ta ninka. Buhu goma ya zama ashirin, rago ɗaya ya zama biyu. Na sayo manyan madubai uku na jera, na shimfiɗa jan kafet sabo dal, sannan na rufe maduban da farin yadi don in yaye shi a gaban shugaba.

Da safe Baffa Manu ya kawo ragon. Baffa tsohon makiyayi ne da ya bar daji ya zauna a gari, shi ke kula da dabbobin Alhaji. Ya iso da turke da guduma a kafaɗa, yana neman inda zai kafa. Na yi wuf na tare shi.

"Haba Baffa, sabon kafet ne fa. A ɗaure shi a jikin wannan sandar."

Ya kama sandar da hannu ɗaya ya girgiza, rumfar duka ta yi rawa. Ya ɗaga gefen yadin ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wannan gilashi, mene ne aikinsa a nan?"

"Zamani ne, Baffa. Ragonku zai koma biyu."

"To shi ragon, ka gaya masa?"

Na yi dariya, irin dariyar nan ta wanda ya je makaranta. Na yi masa bayani a hankali cewa ai ba wani ragon ba ne, hotonsa ne kawai. Baffa ya ce, "To." Ya ɗaure igiya a sandar kamar yadda na ce, ya saɓa turkensa, ya tafi can nesa gindin wata darbejiya ya zauna. Ni har tausayinsa na ji.

Wajen ƙarfe sha ɗaya shugaba ya iso da tawagarsa da masu ɗaukar hoto. Na roƙi mai gabatarwa ya ara min makirufo (ba wanda ya sa ni, ni na roƙa, har sau biyu). Na yi jawabi a kan sabon salo da ci gaba, sannan na ja yadin. Wallahi an tafa. Rumfa ta buɗe, buhuna suka yi yawa, shugaba ya gyaɗa kai.

Ragon ya ɗago daga cin abincinsa. Ya ga wani ƙaton rago ya ƙura masa ido. Ya yi huci, wancan ma ya yi. Sai ya fara ja da baya, taku ɗaya, taku biyu.

"Jama'a kun gani," na faɗa a makirufo, "har ragon ma ya ja da baya don mamaki!"

Da na waiga in karɓi dariyata, sai na ga dillalan shanu su ma suna ja da baya. A garin nan kowa ya san abin da rago ke nufi in ya yi haka. Ni kaɗai ne ban sani ba.

Madubin tsakiya ragon ya fara kai wa karo. Ƙarar kamar an kifar da kwanukan amarya. Ya juya ya ga wani abokin gabar a madubi na biyu, ya fizga, igiya ta tafi da sandar, sandar ta tafi da rufin, allon sunan Alhaji ya sauko ya ɗauke wa shugaba hula. Ni kuwa ban san lokacin da na hau kan buhuna ba. Na dai ji wata murya tana fita daga lasifikoki huɗu na filin: "Wayyo Inna! Baffa! Baffa, ka yi wa Allah!" Sai da na saurara na gane tawa ce. (Shekarata talatin da huɗu a lokacin, da 'ya'ya uku.)

Baffa Manu bai yi sauri ba. Ya tako ya ɗauki farin yadin nan nawa ya rufa wa ragon a ka, ya shafa wuyansa har ya lafa. Ya duba shi tas, ɗan yanka ne kawai a hanci. Sannan ya kafa turkensa a tsakiyar jan kafet ɗina, yana bugawa yana kallona.

Shugaba na kaɗe hularsa ya nuna ni, ina can saman buhuna.

"Alhaji, wannan shi ne mai zanen?"

"Shi ne, ranka ya daɗe," in ji Alhaji Modu, kansa a ƙasa.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan minti ba. Na so buhun ya buɗe in shige.

Kafin la'asar abincin Alhaji ya ƙare kaf, don kowa na son abin da ya ba rago wannan ƙarfin. Aikin ƙungiya kuwa aka ba wani mutumin Damagum, wanda rumfarsa tamfol ce da tebur. Har yau ina ɗaure sanduna a kan keke napep, kuma wasu direbobin in sun tsaya sai su ce, "Wayyo Inna, ina muka nufa?"

Yanzu duk wanda ya zo neman rumfa, kafin in tambaye shi faɗi da tsawo, sai na fara tambayar ko abin da zai baje yana da ƙaho. In kuma tsoho ya ce min "To" ya koma gindin bishiya, ajiye komai nake in bi shi.